Bashin Raken da Taubashina Ya Yafe

Sana'ata tun ina saurayi mazarƙwaila ce, kuma ban gaje ta ba. Da jakin aro na fara, ina bin ƙauyuka ina saye a bakin tukunya, in kawo kasuwar Talata in sayar wa masu lodi zuwa Sakkwato da Gusau. A hankali na yi rumfa, daga baya har na kai ga ɗaukar hayar mota. Faru, Dosara, Morai, babu inda ake matse rake da ban shaƙi hayaƙinsa ba. Amma mafi yawan kayana daga hannun mutum ɗaya suke fitowa, ɗan kawuna, mai fadama a gefen Bakura.

Ya ɗan girme ni. Da yake shi ɗan namiji ne ni kuwa ɗan mace, taubasantaka ta ba shi damar kirana bawansa ko a gaban surukaina, ni kuma in kira shi ubangidan da babu ko wando na biyu. Gonarsa ta gado ce. Ba ta da faɗi ƙwarai, sai dai ƙasarta baƙa ce mai riƙe danshi, kuma da ita yake ci da iyalinsa gaba ɗaya.

Da aka gama dam ɗin Bakolori, ruwan da ya saba malalowa fadama kowace shekara ya ja baya. Mai rake sai ya tona rijiya ko ya nemi injin ban ruwa. Cikin wannan hali ne wani kamfanin sukari ya aiko wakilansa da sikeli da manyan motoci. Farashinsu ya fi abin da mazarƙwaila ke bayarwa, ga shi babu wahalar matsa, babu ta itace. Shekarar farko a hannu suka biya. Shekara ta biyu taubashina ya ci bashi ya sayi inji, ya ɗauki 'yan ƙodago, ya cika gonar da irin raken da kamfanin ke so. Aka sare, aka auna, aka loda, aka ce kuɗi na tafe. Ni ma na ba su lodi guda da na saya a tsaye wurin wani manomi. Da na ga wata ya mutu babu labari, ban ƙara ba su ko gaɓa ɗaya ba.

Kuɗi ba su zo ba. Mutane suka riƙa zuwa wurin awon suna wuni a gindin bishiya, duk ƙarar motar da aka ji sai a miƙe. Daga baya wakilan suka daina zuwa, aka ɗauke sikelin. Masu bin taubashina bashi kuwa ba kamfani suka sani ba, shi suka sani. Dole ya ba da gonar jingina ga wani alhaji mutumin wajen Maradun, wanda ruwan dam ya cinye wa gonaki aka ba shi diyya, yana neman inda zai sa garma. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani: alhaji ya noma, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa ya tashi.

Bayan wasu shekaru taubashina ya kwanta ciwo. Idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, har aka fara aika wa dangi na nesa. Wata rana bayan la'asar ya sa aka kira liman da maƙwabta, ni ma ina zaune a bakin ƙofa. Ya nemi gafarar kowa, kowa ya gafarta masa. Sai liman ya yi tambayar da ake yi, ko akwai mai binsa, ko akwai wanda yake bi.

Ya ce, "Babu mai bina sai jinginar gona. Wanda nike bi kuwa, kamfani na."

Liman ya ce, "To, wannan sai a shaida wa magada."

Taubashina ya kalli babban ɗansa. Sannan ya ce, "A'a, Malam. Na ga yadda jiran motar nan ya mai da magidanta. Ba ni barin ɗiyana gindin bishiya. Ku shaida na yafe, duniya da lahira."

Liman ya maimaita, muka ce mun shaida, aka shafa fatiha. Gaskiya a ranar ban ga asara cikin maganar ba. A wurina matattun kuɗi ne, kuma wanda ya yafe matattun kuɗi lada ya samu a arha.

Sai Allah ya tashe shi. Kafin damina ta faɗi yana takawa da sanda, kafin kaka ya jefar da sandar. Ya koma dafa wa wasu mazarƙwaila ana biyansa, yana tara abin da ya samu da niyyar fansar gona, amma bakunan gida suka riƙa cinye tarin. Alhaji mai jingina bai matsa ba sai da shekaru suka ja. Sannan ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce yana son ya haƙa rijiyar siminti, kuma ba zai zuba kuɗi a ƙasar da ba tasa ba. In an fanshe kafin dashen rake mai zuwa, shi ke nan. In ba hali, a mayar da jinginar ciniki, ya yi ciko.

Ana cikin haka, wata safiya ina buɗe rumfa na ji a rediyo cewa gwamnati ta ware kuɗi don biyan masu rake bashin da kamfanin ya tafi da shi. Na bar rumfar a hannun maƙwabcina na hau mota sai Bakura. Na sami taubashina a bakin tukunya, yana kwashe kumfa da ludayi.

Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya da zafin wuta, na ce, "Ubangida, aje ludayin nan. Gonarka ta dawo."

Ya ce, "Bawana, ko ka fara shan abin da ake sha a tasha?"

Na faɗa masa abin da na ji. Na ga hannunsa ya tsaya, har kumfar ta kusa zubowa. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Sai kuma ya ci gaba da kwasa, ya ce, "Allah shi amfana wa masu bi."

"Kai fa?"

"Ni mi nike bi? Ba kana wurin ba?"

Na ɗauka zancen bakin tukunya ne, zai wuce. Bai wuce ba. Kwamitin biya ya zauna a Talata Mafara, kuma da yake gara ta cinye takardun awon mutane da yawa, sai aka tsara cewa kowa zai tsaya gaban wakilin hakimi da shaidunsa, ya rantse cewa yana bin kamfani bashi kuma har yau ba a sauke ba. Duk garinsu an san raken da ya bayar. Shaidu har rububinsa suke yi. Abin da ya rage kawai ya buɗe baki.

Na ja shi wurin wani malamin zaure da muke girmamawa. Malam ya saurare mu, ya ce abin da aka yafe ya faɗi, ba ya tashi. Amma in hukuma ta ba mutum taimako saboda asarar da ya yi, halal ne ya karɓa. Na ji sanyi, na garzaya wurin jami'in kwamiti na roƙe shi a bar mutumin ya rantse cewa ya ba da rake ba a biya shi ba, iyakarta ke nan. Jami'in ba mugu ba ne. Ya ce kuɗin na biyan bashi ne, ba na taimako ba, kuma ba shi da ikon sauya lafazin. Ya rage murya ya ce mini, "Alhaji, ya faɗa kawai mana. Wa zai bi diddigi?"

Na kai wa taubashina wannan ma. Ya ce, "Liman na nan da rai, maƙwabta na nan, kai ma ga ka. In tsaya in ce ina bi, su kuma su tuna ranar da suka shafa mini fatiha?"

Na ce, "Ciwo ne ya yi magana ranar nan, ba kai ba."

"Da hankalina. Ka ji na kira sunan wani ba daidai ba?"

"To kamfanin ma ai bai san ka yafe ba!"

"Ba shi na gaya wa ba."

Raina ya ɓaci, na ce masa taurin kai ne yake sa wa rawani. Na ce ya dubi 'ya'yansa. Ya ce don ya dube su ne ya yi maganar tun farko. Matarsa, da ba ta saba sa baki in muna zance ba, ta ɗaga murya daga cikin ɗaki ta ce, "Ƙyale shi, ɗan uwa. Mun yi har mun gaji."

Ni na shiga layi, na rantse a kan lodina, na karɓa. Kuɗin sun riga sun lalace, abin da a da zai sayi sa ya koma kuɗin tunkiya. Duk da haka nasa da ya fi nawa nesa, in an haɗa da ɗan tarinsa, da ya fanshi gonar. Na lissafa wannan a kaina ya fi a ƙirga. Na kai masa abin da na karɓa, na ce ya riƙe aro, mu nemi sauran. Ya yi dariya ya ce, "In fita jinginar baƙo in shiga ta bawana? Ina zan sa fuskata ranar salla?" Ko da ya karɓa ma ba za su kai ba, jarina kuwa yana cikin kaya, alhaji kuma duka yake so. Wannan na sani, shi ma ya sani.

Da lokacin dashe ya zo aka taru a gonar, aka zagaya iyaka, alhaji ya yi ciko, aka shafa fatiha. Taubashina ya sayi buhunan gero da cikon, ya gyara ɗakin da ya tsage. Babban ɗansa bai kai rani na gaba a gida ba, ya tafi kudu neman aikin ƙarfi, ƙanensa ya bi shi.

Na yi ciniki da mutane iri-iri, kuma har yau ban iya cewa ya yi kuskure ba, ban kuma iya cewa ya yi daidai ba. Abin da na gani dai shi ne, ya ci gaba da zuwa dafa mazarƙwaila a garin da ke gaba da nasu har ƙarfinsa ya ƙare. Hanyar da ta fi kusa ta gefen gonar ta bi. Shi kuwa ta bakin titi yake zagayawa, da rana tsaka, ga tsufa. Na taɓa rage masa hanya a mota, muka zo mararrabar, direba ya karkata zai bi ta fadama. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Miƙe, ɗana. Waccan akwai laka."

Rani ne a lokacin, ƙasa har ta tsattsage. Na ce wa direba ya miƙe.