Ƙullin Waken da Inna Ta Ba Baƙuwa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gusau, na shiga wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke musayar baƙi da wasu ƙauyukan manoma na ƙasar Mali. Babu hannun gwamnati a ciki. Malaman makaranta ne, da tsofaffin malaman gona, da 'yan kasuwa biyu-uku. Bana nasu su zo, baɗi namu su je, kuma doka ce baƙo ba ya kwana a otal, sai a gidan mutane. Ni dai, in faɗi gaskiya, abin da ya ja ni shi ne a riƙa cewa malama tana hulɗa da ƙasar waje.

Da baƙin suka iso bayan kaka, aka ba ni wata dattijuwa manomiya. Ba ta jin Hausa, ni kuma ko sannu ban iya da yarensu ba. Ƙawata mai koyar da Faransanci ce tafintarmu, da ɗan abin da dattijuwar ke tsinta na Faransancin. Kwana uku ina yawo da baiwar Allah cikin Gusau, ina nuna mata benaye da manyan shaguna, ita kuwa sai gyaɗa kai cikin ladabi. A rana ta huɗu ta ce wa ƙawata, "Tambayar mini ita, mutanen nan ba sa noma ne?"

Ba yadda na iya, na kwashe su sai ƙauyenmu, kusa da Kekun Waje, wurin mahaifiyata. Mun tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar wake. Baƙuwa ba ta jira tabarma ba, ta zauna a ƙasa ta sa hannu. Ƙawata ta shiga maƙwabta gaisuwa, aka bar tsofaffin nan biyu suna hira, kowacce da yarenta, har da dariya. Ni da na yi boko na koma 'yar kallo.

Da za mu tafi, Inna ta shiga ɗakin ajiya ta fasa bakin wata tukunya da ta liƙe da laka. Jan wake ne a ciki, mai ɗigo-ɗigon fari, binne cikin toka don kada ƙwari su ci. Ta ɗebi tafi biyu, ta yagi gefen wani tsohon zane ta ƙulle, ta miƙa wa baƙuwa.

"Wanga wake daga hannun innata na same shi, ita ma daga hannun tata," in ji Inna. "Aro na ba ki."

Kunya ta kama ni. Ga turmin atamfa da jakar fata na saya don sallamar baƙuwa, ga Inna da toka a tsumma.

"Haba Inna," na ce, "baƙuwar ƙasar waje ce fa. Kuma aro? Daga Mali za ta maido miki?"

"Ke mi kinka sani? Iri ba a saida shi, ba a kyauta da shi. Aro aka badawa, in ya yi a maido. Kira ƙawarki ta gaya mata."

Na ce to. Amma ban kira ba, ban kuma taɓa faɗa wa ƙawata ba. A ganina rufa wa Inna asiri na yi. Baƙuwa dai ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

Damina ta biyu bayan haka, tun kafin a shuka wake, aka yi wani ruwa da ya kwantar da ɗakin ajiyar Inna. Kafin a kwashe ƙasa, tukunya ta fashe, waken ya jiƙe ya ruɓe. Maƙwabta kuwa tuni suka koma shuka farin wake mai saurin nuna. Na bi kasuwar Bungudu, na je Tsafe, na kai har 'Yandoto ina tambayar tsofaffi. Kowa sai ya ce ya san shi a da.

A daminar nan Inna ba ta taka gayaunarta ba, ɗan filin da take nomawa da hannunta tun tana amarya. Na kawo mata farin wake, ta ce in dafa. Ta rame, ta rage magana. Jan waken nan kaɗai ne abin da ya rage mata na mahaifiyarta, kuma a hannunta ya ƙare. Wata rana ta ce mini, "Ai akwai na wurin baƙuwata." Nan na daure na faɗa mata gaskiya, cewa ba a taɓa fassara maganarta ba, matar kyauta ta ɗauka, wataƙila ma ta dafe shi a hanya.

Inna ta dube ni, ta ce, "Ta ji."

Bayan kaka baƙi suka sake zuwa. Ina tsaye a tasha da takardar raba masauki, sai ga dattijuwar ta sauko daga mota da ɗan buhu a ka. Ko ruwa ta ƙi sha, ta ce a kai ta wurin tsohuwa tukuna.

A tsakar gidanmu ta sauke buhun. Toka ta tashi. Jan wake ne mai ɗigon fari, ya fi mudu biyar, kuma a samansa ga tsumman zanen Inna, a wanke a ninke. Ƙawata da ta rako mu ta shiga fassarawa. Matar ta ce shekarar farko bai yi yawa ba, shi ya sa ta sake shukawa, kuma ba ta aiko da shi ta hannun mutanenmu ba domin aro hannu da hannu ake mayar da shi. Yanzu mata bakwai ke shuka shi a ƙauyensu.

Na ce a tambaye ta wa ya gaya mata aro ne. Ta dube ni kamar na tambayi wa ya gaya mata ana shuka da damina.

"Mu ma haka muke yi," ta ce. "Wa ke kyauta da iri?"

Inna ta nutsa hannayenta biyu cikin waken har wuyan hannu, hawaye na sauka a kan toka. Ni ma na yi kuka, rabi na murna, rabi na kunyar kaina.

Har yau in na tuna sai mamaki ya sake kama ni. Mu masu takarda da tafinta muna zaton mu ke haɗa ƙasa da ƙasa, ashe mota kawai muka samar. Abin da ya ƙetare iyaka ya dawo, tsofaffi biyu ne suka ƙulla shi a gabana, ni kuma ina ƙoƙarin ɓoye shi.

Damina na zagayowa Inna ta koma gayaunarta. Da ta girbe, ta ƙulla mini tafi biyu a cikin wancan tsumman, ta ce, "Ke ma aro na ba ki." Allah bai sa na mayar mata ba, ta rasu kafin nawa ya nuna. Shi ya sa duk kaka nake ware mudu guda in binne a toka, in liƙe bakin tukunya da laka, ina jiran baƙuwa.