Jethu Mai Ƙona Damisa

Shekara ashirin da shida Jethu Marskole ya yi yana ƙona damisa a gandun dajinmu. Doka ce: duk damisar da ta mutu, a ƙone ta ƙurmus a gaban shaidu, kada ko gashin baki ya fita ya shiga kasuwa. Manya su sa hannu a takarda, mu ƙanana mu dangwala yatsa. Ni direban ofis ne, ni nake kai masa itace.

Mutum ne siriri, marar fara'a, ga taurin kai. Ba ya yarda a zuba man fetur. Sai ya cire takalmi, ya jera busasshen itace da hannunsa, ya yayyafa giyar gargajiya ta furen mahuwa, domin a wurin mutanenmu 'yan ƙabilar Gond damisa 'yar'uwa ce, kuma ba a sallamar ɗan'uwa da giɓi a jikinsa. Mukan tsokane shi mu ce, "Baba Jethu, ko gadonta za ka ci?" Sai ya tofar da yawu ya ci gaba.

Ranar da aka tsinci wata tsohuwar damisa ta bakin tafki a mace, wani babba ya zo daga birni da motoci huɗu. Suka shige rumfar da ake duba gawa, suka daɗe. Da aka fito da ita, mutumin nan ya ɗora takalminsa a kafaɗarta aka ɗauke shi hoto yana washe baki.

Sannan ya yafito Jethu.

"Tsoho, farce ɗaya kawai. Jikana ke yawan firgita, za a rataya masa."

"Yallaɓai, kai shi asibiti."

"Kai! Ka san da wa kake magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Matsa, kada wuta ta lashe maka wando."

Jethu ya ƙyasta ashana. Muka sunkuyar da kai muna danne dariya, ni har ina jin mun yi nasara.

Wutar ta ci har la'asar. Manya suka koma inuwa shan shayi, Jethu ya tsuguna yana tona toka da sanda, don haƙori ba ya ƙonewa, sai an daka shi. Ya tona, ya sake tonawa. Ya zuba tokar a rariya ya tankaɗe. Manyan fiƙoƙi uku ya samu. Ta huɗun tun a rumfa aka zare ta, lokacin da Jethu yake can yana ta faman jera itace. Ashe zancen farce ƙari ne kawai.

Aka kawo takardar da ta ce damisa ta ƙone cikakkiya. Jethu ya ɓoye hannunsa a bayansa.

"Uku ne," ya ce.

"Baba, dangwala mana mu tafi, rana na faɗuwa," in ji akawu.

"Uku ne."

Ya ɗauki takalminsa ya bi hanyar ƙauye, bai sake komawa aikin ba. Yanzu da tsofaffin tayoyi ake ƙona damisa, warin har cikin gidaje.

Takardar kuwa ta tafi birni ba gyara. Akawu ya waiwayo ya ga ni ne kusa, ya miƙo min tawada. A ƙarƙashin sunan Jethu Marskole, yatsana ne.