Wayar da Na Ba Yaya Sallau

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Sallau a Konni. Bana ma ranar ta zo ta same ni a rumfata ta gyaran moto, wato babur, ban ji komai ba, sai dai na kasa cin abinci.

Makaɗin jita ne. An san shi da abu guda: ya danne tsirkiya, ya tura ta sama da yatsa a hankali har sautin ya tashi ya yi kuka kamar goge, sannan ya sake ta. Tsirkiyar kanti ba ta samuwa kullum, ni nake warware masa wayar birkin keke in zaro sili. Na keke siriri ne, yana bin yatsa. Na moto kauri gare shi.

Bayan ya tashi daga doguwar jinya aka gayyace shi biki a Dogarawa. Ya aiko neman sili. Ƙyuyar zuwa kasuwa ta hana ni, na zaro na moto na ba da.

Da la'asar, gaban jama'a, ya tura tsirkiya ta ƙi tashi. Ya sake turawa, yatsan ya tsage. Wani ya ce, "Sallau ya ƙare!" Aka yi dariya. A mota, muna komawa gida, ya tambaye ni, "Idi, wagga waya ta keke ce?" Na ce, "Ta keke ce, Yaya." Ya dubi tafinsa ya ce, "To, hannun ne ke nan."

Bai sake taɓa jita ba. Wata takwas ya ƙara a duniya, kullum ina gaishe shi. An ce shiru ma magana ce, tawa ƙarya ce.

Yau samari suna sayo tsirkiya a leda daga Sakkwato, suna koyon turin a salula. Da ya gan su, ina jin zai ce suna sauri, ba su barin sauti ya gama kukansa. Ko kuwa murna zai yi, ban sani ba.

Ba a ɗauki kiɗansa ko sau ɗaya ba. Abin da ya rage nasa shi ne abin da mutane ke faɗa, kuma a Dogarawa har yanzu cewa ake ciwo ya cinye masa hannu. Laifi tudu ne, na daɗe a kan nawa. Duk wanda ya je bikin nan, ya ji daga bakina: hannun Sallau lafiya lau yake. Allah Ya jiƙansa. Shi kam ba zai ji ba.