Malam Sada, Wanda Ya Gaida Dutsen Ƙanƙara

Da hantsi labarin ya same ni. Na dawo ke nan daga ɗan zagayen da nake yi kowace safiya a unguwarmu ta Ƙofar Sauri, na zauna a dakalin ƙofar gida ina huce gajiya, sai ga Lawal, babban ɗan Malam Sada, a kan babur. Tun kafin ya kashe injin na ga idanunsa, na kuma gane abin da ya kawo shi. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ubansa ya koya masa, bai yanke gaisuwar ba ko kaɗan, sai da ya tambayi gajiya da iyali da ƙarfin jiki, sannan ya ce, "Baba, Allah ya yi wa Malam rasuwa bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ko da yamma ta yi, muna zaune a wurin karɓar gaisuwa a Ƙofar Guga, na lura duk wanda ya buɗe baki zai ambaci marigayin sai murmushi ya riga hawayensa fita. Da irin wannan fuskar nake so in tuna da shi a nan.

Tare muka yi aiki a sashen noman rani. Ya girme ni da shekaru, ni kuma na sha gabansa a muƙami, shi ya sa yake kirana Darakta tun ban zama ba, ya kuma ci gaba da kirana haka bayan na sauka. Mutum ne dogo, siriri, mai farin gemu, wanda ba ya wuce kowa bai gaishe shi ba. Masinja ne, mai gadi ne, mai kawo fura ce, Malam Sada zai tsaya, ya ɗan rusuna, ya tambayi gida har da awaki. Idan muka je duba gonakin rani wajen Batagarawa, mu muna tsaye a bakin mota da takalma masu sheƙi, shi yana can tsugune a bakin kwari da manomi, ya tattare riga, suna murza ƙasa a hannu. Mukan yi masa tsiya cewa gwiwoyinsa za su ƙare kafin ya yi ritaya. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Gwiwar da ba ta lanƙwasawa ita ka fara ciwo, ku dai ku bari ku gani."

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ƙofofin da suka daɗe a rufe suka fara buɗewa. Ƙasashen da suka juya mana baya suka dawo suna gayyatar ma'aikata kwas. Cikin ikon Allah sunana da na Malam Sada suka fito, aka tura mu wata ƙasa ta Turawa mai manyan duwatsu, mu ga yadda suke tare ruwa da raba shi. Lokacin sanyinsu ne. Ni da na ɗauka na san sanyi, ranar da muka sauka daga jirgi na gane ban taɓa haɗuwa da shi ba, ɗan aikensa kawai nake gani a Katsina.

Ana cikin kwas ɗin, masu masaukinmu suka ce ranar hutu za su kai mu kan dutse, shugaban makarantar da muke kwas ɗin ma zai zo. Mu kuwa Katsinawa, da muka ji an ce gayyata ce kuma babba zai halarta, ba mu tsaya tambaya ba. Muka fito da manyan riguna, waɗanda aka buga aka sa musu sitaci tun daga gida, muka kafa huluna, muka fesa turare. Da muka iso wajen mota muka tarar kowa ya sha wasu kaya masu kumburi kamar an hura su, da tabarau da safar hannu. Suka dube mu, muka dube su. Malam Sada ya raɗa mini a kunne, "Darakta, halan ba walima ba ce." Ba walima ba ce kuwa, wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara aka shirya mana.

Wani keke da ke rataye a jikin waya ya ɗauke mu ya haura da mu sama, ƙasa tana ta nisa a ƙarƙashin ƙafafunmu, ni ina ta salati a zuci. A can sama ko'ina fari fat, har ido ba ya iya buɗewa sosai. Aka ara mana riguna masu kauri muka sa a ƙarƙashin manyan rigunanmu, domin mun ƙi cire su. Sannan aka haɗa mu da mai koyarwa, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'ya'yanmu ba, aka ba kowa katako guda, mai faɗi, mai santsi a ƙasa. Ba irin wanda ake sa ɗaya a kowace ƙafa a riƙe sanduna ba ne. Wannan ƙafafu biyun ake ɗaure wa a kan katako ɗaya, mutum ya tsaya a karkace, babu abin riƙewa. Da aka gama ɗaure ni sai na ji kamar jakin da aka yi wa dabaibayi.

Yarinyar nan ta yi ta faɗar magana ɗaya, tana nunawa da jikinta: a lanƙwasa gwiwa, a saki jiki. To mu manyan ma'aikata ne. Tun muna ƙananan akawu aka koya mana cewa babba a miƙe yake tsayawa, kuma a garinmu ba a ganin faɗuwar dattijo. In ta faru ma, yara kan kawar da kai, manya su ruga da "sannu, sannu" kamar an yi gobara. Saboda haka muka ƙame kamar turakun rumfa. Ko motsi katakon ya yi, sai mutum ya ji shi a ƙasa. Ni da na faɗi sau ɗaya na ce ya isa, na ja gefe na zauna ina gyara hula. Malam Sada kuwa ya naɗe hannuwan rigarsa a kafaɗa, ya ɗaure ƙugu da mayafin wuya, ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, yarinyar tana dafe kai.

Ana haka sai ga shugaban makarantar ya ɓullo daga ƙasan gangaren yana tahowa a ƙafa, wani tsoho mai furfura wanda ya girme mu duka. Malam Sada yana tsaye a kan katakonsa a bakin gangare. Da ya hango dattijo, jikinsa ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro: ya rusuna, ya sassauta gwiwoyi, ya ɗan sunkuyar da kafaɗa zai kai gaisuwa. Ai kuwa katako ya ɗauke shi. Ya tafi sumul, bai karkace ba, babbar riga ta kwance ta cika da iska ta baje a bayansa. Da yake ya fara gaisuwa, kuma Malam Sada ba ya yanke gaisuwa, sai ya ci gaba da ita da Hausa yana tafiya: "Barka da hantsi, ranka shi daɗe! Ina gajiya? Ina iyali?" Ya wuce tsohon nan yana tambayarsa ya sanyi. Yarinyar tana tsalle tana ihu cewa haka ake yi, haka ake yi. Tsayawa ce kawai ba a koya masa ba tukuna, don haka wani tulin dusar ƙanƙara da ke can ƙasa ne ya karɓe shi, ya shige har ƙugu.

Na ruga, ko in ce na gangara da gindi, ina "sannu Malam, sannu Malam". Na tarar da shi kwance, gira da gemu duk dusar ƙanƙara ta rufe su, yana dariya har da hawaye. Ya kama hannuna ya ce, "Darakta, ashe gaisuwa ce! Tun ɗazu yarinyar ga take ta wahala, da ta ce mu gaida dutsen kamar muna gaida suruki ai da an wuce wurin. Tashi ka rusuna mashi, ya girme ka." Haka ya matsa mini sai da na koma kan katako. Na rusuna, na tafi ɗan nesa, na faɗi, na ji dariya ta kuɓuce mini irin wadda rabona da ita tun ina makarantar firamare. Har rana ta karkata dattawa biyu daga Katsina suna ta zamiya da manyan riguna, Turawa sun kewaye mu suna tafi. Ban taɓa yin wuni mai daɗin wannan ba.

Da muka dawo gida labarin ya riga mu isowa. A majalisarsu ta Ƙofar Guga an sa shi ya maimaita ba adadi, kuma kullum da kansa yake fara yi wa kansa dariya. Wasu suka ce ai zubar da girma ne dattijo kamarsa ya hau katako. Ya ce musu, "Girman da faɗuwa ɗaya ka zubar da shi, dama bai kama jiki ba." Mai ɗakinsa, Hajiya Binta, takan ce tun da ya dawo daga ƙanƙarar nan ko tuntuɓe ya yi a tsakar gida sai ya ce wa ƙasa "sannu da aiki".

Bayan 'yan shekaru ciwo ya same ni, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Allah ya sa na tashi, likita kuma ya faɗa mini gaskiya: ƙafar za ta iya dawowa in ina taka ta kullum, in na bar ta kuma ta tafi ke nan. A cikin ɗaki nakan yi 'yan taku ina dafa bango, amma fita waje ta gagare ni. Ba zafin ciwon ne ya hana ni ba. Tunanin in faɗi a tsakiyar layi ne, gaban 'yan acaba da yara da mutanen da suka saba tashi tsaye in na wuce. Masallacin unguwa da nake jin kiran sallarsa kamar a cikin ɗakina ya zame mini wata ƙasa mai nisa. Ƙafar kuwa ta fara ƙanƙancewa, ina kallo.

Malam Sada ya yi ta zuwa yana lallashi, ina ba shi uzuri. Wata safiya ya sa aka fito da ni zaure aka zaunar. A gaban gidanmu akwai wani babban tulin yashi da maƙwabcina ya sauke zai yi gini. Sai na ga Malam Sada da babbar riga, ya ɗauko wani guntun katako a wurin maginan, ya haye kan yashin nan yana haki. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'ar Ƙofar Sauri, ku zo ku ga yadda muka yi a ƙasar Turawa, ni da Darakta!" 'Yan acaba suka tsaya, mai shayi ya bar tukunyarsa. Ya taka katakon, ya rusuna, ya zamo ɗan kaɗan, katakon ya kafe, shi kuma ya wuntsila ya zube a ƙasa, hula ta yi nata wuri. Mutane suka ruga da "sannu Baba". Ya zauna yana kakkaɓe gemu yana dariya, dariyar ta kama kowa. Sannan ya juyo ya dube ni ta ƙofar zaure ya ce, "To ga shi an ga babba ya faɗi, mi ya faru? Gari ya tashi? Taso mu tahi masallaci."

Na tashi. Ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hannuna, yana ce mini, "Kada ka ƙame, sassauta gwiwa, gaida ƙasar." Ranar mun isa masallaci, liman ya yi ta hamdala. Daga nan kusan kowace safiya sai ya hau acaba daga Ƙofar Guga ya zo mu zagaya. Na faɗi a hanya, ba sau ɗaya ba, har gaban mai shayin nan. Aka ɗaga ni, aka ce sannu, muka ci gaba. Babu wanda ya rage mini gaisuwa saboda haka. A hankali na bar kafaɗarsa na koma sanda, daga baya sandar ma na jingine ta a bayan ƙofa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, Lawal ya kawo mota ya ce in shiga, maƙabarta da nisa. Na ce masa a'a, da ƙafar da ubanka ya dawo mini da ita zan raka shi. Na bi makara cikin jama'a har bakin kabari. Da aka sa shi aka fara mayar da ƙasa, na matsa gaba, na sassauta gwiwoyina kamar yadda ya koya mini a kan dutsen ƙanƙara da kuma a layinmu, na rusuna har ƙasa, na ɗebo da hannuna na zuba masa. Mutane suka miƙo hannu za su ɗaga ni. Na tashi da kaina.

Ya Allah, ga bawanka Sada ya zo gare ka, mutumin da bai taɓa jin nauyin rusuna wa bayinka ba. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka tabbatar da dugadugansa a ranar da ƙafafu ke zamewa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Binta da Lawal da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ka albarkaci abin da ya bari, ka bar musu fara'arsa a cikin gidan. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.