Layukan Ƙarshe Masu Ɗauke da Sunan Yaya Zulai

A watan nan ne Yaya Zulai ta cika shekara bakwai da rasuwa, Allah Ya jiƙanta da rahama. Duk shekara addu'a kawai muke yi mata a gida, ban taɓa ɗauko zancenta na kawo jarida ba. Bana na ɗauko ne saboda wata shawara da ta tsaya mini a wuya tun farkon damina: ko in amince a goge aikin da ta bari a duniya da sunanta a jiki, ko in hana. Ni ne ƙanenta, ni ne kuma aka damƙa wa riƙon aikin, don haka babu wanda zan tura wa nauyin.

Ita ce 'yar fari a gidanmu na Unguwar Gabas da ke Sabon Gari, ni ne auta. Kullum da safe takan hau bas daga Sabon Gari zuwa Samaru, da tsohuwar laftof a jaka, wadda sai an jingina murfinta da bango take tsayuwa. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta ne wa masu binciken noma. Su sukan shuka iri mai ɗimbin yawa, kowace ƙwaya kuma tambaya ɗaya ake yi a kanta: ta tsiro ko ba ta tsiro ba. Laftof ɗin Yaya ba ta da wadatar memori, wato wurin riƙe bayanai, da amsoshin sun taru sai ta sandare. Da wata ce, da sai ta yi ta ƙorafin a saya mata sabuwa. Yaya kuwa, da yake taurin kai gadonmu ne, sai ta zauna ta rubuta wa amsoshin mazubi na musamman.

Ga wanda ba aikinsa ba ne, abin ba wuya. Mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta ke riƙewa shi ake kira bit, gurbi ɗaya da ke cewa i ko a'a. Yawancin manhajoji sukan ɓarnatar da wuri mai yawa a kan amsa ɗaya tak. Mazubin Yaya yana cusa kowace amsa a gurbi ɗaya, yana ƙaruwa idan an ƙara shuka, yana raguwa idan an rage. Da na kasa ganewa, lokacin ina ajin farko a jami'a, sai ta ja ni bayan gida inda Umma ke kiwon kaji, ta nuna mini kiret ɗin ƙwai. Ta ce kwamfuta ma kiret-kiret take ba da wuri, sai dai nata gurbi sittin da huɗu ne. Ko ƙwai uku ne suka yi saura, sai ka ɗauko cikakken kiret, sauran guraben su zauna wayam. Waɗannan guraben da ba na kowa ba su take kira wutsiya.

Wutsiyar nan ce ta taɓa ba ta kunya. Wata rana ta shigar da ƙwayoyin da suka ƙi tsirowa, sannan ta umarci mazubin ya juya kowane gurbi, i ya koma a'a, a'a ya koma i, don ta samu waɗanda suka tsiro. Juyawar ta haɗa har da wutsiya. Sakamakon da ta kai wa masu binciken sai ya nuna abin da ya tsiro ya fi abin da aka shuka yawa. Wani dattijo a cikinsu ya cire tabarau ya ce, “Malama, wannan irin naki a ba mu mu kai ƙauye.” Ta dawo gida tana huci, mu kuwa muka samu abin tsokana har ƙarshen shekara. Tun daga ranar ta kafa wa kanta doka: duk abin da aka yi wa mazubin, a share wutsiya kafin a tashi. Ta kuma rubuta wani ɗan gwaji da ke shuka kaɗan, ya juya, ya ƙirga, ya tsayar da komai idan girbi ya wuce shuka.

Daga baya ta miƙa mazubin ga wani laburare na kyauta, wato rumbun kayan aiki da masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban ke tarawa, kowa ya ɗiba ba tare da biyan komai ba. Suka wahalar da ita da gyare-gyare, ta yi ta mita, suka karɓa. A irin wannan rumbu kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Bayan gajeruwar jinyar da ta ɗauke ta, da na roƙi a bar mini kula da sashen, sai na riƙa buɗe shi ba don wani aiki ba, sai don in ga sunanta jere a gefen allo. Kabarinta babu alama, kamar na kowa. Nan ne kaɗai wurin da nake zuwa in tarar an rubuta Zulai.

Shekaru suka yi ta cin layukan. Wannan ya gyara nan, wancan ya sauya can, sunanta yana raguwa. Gwajin ma wani bawan Allah ya kwashe shi zuwa wani fayil lokacin da ake sake tsari, ya koma ɗauke da sunansa. Abin da ya rage mata bai wuce cikin tafin hannu ba, amma shi ne zuciyar mazubin.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me za ta ce da zamanin nan. Wayar da ke aljihun ɗalibin Samaru yanzu ta ninka laftof ɗinta ƙarfi, har wasu na ganin tattalin gurbi ɗaya aikin marowata ne. Ga kuma manhajojin da ake gaya wa abin da ake so su rubuto shi nan take. Ba na jin za ta yi fushi, don Yaya ba ta da ƙyashin sabon abu. Na dai san za ta gyara zaman mayafi, ta matso da fuska kusa da allo, ta tambaya ko an share wutsiya.

To, a farkon daminar nan wata baiwar Allah daga wata ƙasa mai nisa, wadda ban taɓa gani ba, ta aiko da sabon rubutu na mazubin gaba ɗaya. Ya fi na Yaya sauri nesa ba kusa ba, ya fi shi sauƙin karantawa. Idan na karɓa, layukan Yaya na ƙarshe sun tafi. Da aka gwada shi, komai ya wuce sai gwajin nan na Yaya, wanda ya ce girbi ya fi shuka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina, na ce ga hujjar hanawa ta samu. Washegari matar ta gyara, ta haɗo da godiya, tana cewa duk wanda ya rubuta gwajin nan ya taɓa faɗawa cikin wannan rami. Na rasa abin kamawa. Sauran masu kula da laburaren suka yi ta jira, ni kuma ina ta cewa ina dubawa, alhali babu abin da ya rage a duba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na biya Sabon Gari. Na tarar da Umma tana jera ƙwai, na zauna a bakin tabarma na kwashe labarin na gaya mata, ina sassauta shi yadda za ta gane. Ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

Ta ce, “Na yarinyar can ya fi na yayarka kyau?”

Na ce, “Ya fi, Umma.”

“To me kake jira?”

Na ce sunanta ne zai ɓace. Sai ta ajiye ƙwan da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, “Auta, ni na haife ta. Tun daga ranar suna har ranar da aka fita da ita, ka taɓa jin sunanta a bakina?”

Ban taɓa ji ba. Kunyar 'yar fari ce irin ta iyayenmu. Yayarku take cewa, ko yarinyar nan, kuma duk gidan babu wanda ya kai ta riƙe Yaya a zuciya. Har yau idan ta dafa faten tsaki sai ta tuna da ita, don shi ne abincin da Yaya ta fi so. Ta koma kan ƙwanta.

Da na koma Samaru na buɗe sashen, na karanta layukanta daga farko zuwa ƙarshe, na yi mata addu'a, na danna maɓallin amincewa. Na yi kuka, ba na kuma jin kunyar faɗa. Gaskiya ne cewa tsohon rubutun yana nan can ƙasan tarihin laburaren, amma wurin da babu mai leƙawa ne.

Yanzu idan na auna abin da ya saura na Yaya Zulai, ba na ƙirga layuka. Taurin kanta ya saura a wurina, yadda take bayani da abin da ke tsakar gida ya saura a wurin ɗaliban da nake koyarwa. Gwajin nan kuma yana nan da ransa. Duk sa'ad da wani, a ko'ina yake a duniya, ya taɓa mazubin, sai gwajin ya tashi ya shuka, ya juya, ya ƙirga, ya hana shi jin kunyar da ta ji a gaban dattijon nan. Ina fata Allah Ya sa wannan cikin sadakarta mai gudana. Babu sunanta a jikinsa. A da ni kaɗai na san nata ne, sai Umma, wadda ba za ta faɗa ba. Yau ga shi ni na faɗa.