Babban Yatsan Mai Aski

Shekara talatin da biyu Mai Aski ya yi a ɗan shagonsa mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi, bai taɓa yarda da injin aski ba. Shi dai a bar shi da askarsa. Kafin ya ɗora ta a kan mutum sai ya shafa bakinta da babban yatsa, yatsan ya gaya masa ko ta yi kaifi. Da yatsan nan yake taƙama, har yakan ce ya fi idon wasu gani.

Mai wasa masa asaken kuwa Gajere ne, abokinsa tun suna samari, wanda ke zama da dutsen washinsa a bakin layi.

Bara ne abin ya soma. Mai Aski ya shafa aska, ya ji ta kamar bayan cokali. Ya mayar aka sake wasawa, bai ji ta canza ba. A karo na huɗu sai ya tsaya kan Gajere a gaban jama'a.

"In tsufa ya kama ka, ka faɗa mana! Wannan ko tumatir ba za ta yanka ba."

Gajere ya dubi hannun abokinsa, ya daɗe yana dubawa. Mai Aski ya kwashe asakensa ya kai wa wani, nan ma bai ji kaifi ba. Ga tafin ƙafarsa kamar tururuwa na yawo, takalmi ya sulluɓe bai sani ba. Amma laifi tudu ne, ya take nasa yana hango na masu washi.

Wata safiya babbar 'yarsa ta zo ta ce, "Baba, sa rigarka, asibiti za mu." Ya yi faɗa, ta ƙi motsawa daga bakin ƙofa.

Da aka auna jini, likita ta ce bitamin B12 ne ya yi ƙasa. Maganin gyambon ciki da ya shekara goma yana sha ya rage wa cikinsa ƙarfin tsotso shi daga abinci, jijiyoyi kuwa ba sa lafiya in babu shi. Ta rubuta masa allurar metilkobalamin, wato irin B12 ɗin da jiki ke aiki da shi.

"Meti wa?" in ji shi.

"Kai dai miƙo hannu, Baba," in ji 'yarsa.

Bayan wata huɗu yana gyara aljihun tebur ya ci karo da askar nan ta ranar faɗa. Ya shafa ta, ya janye yatsa da sauri. Kaifi kamar me!

Da ya gaya wa 'yarsa, ta ce, "Ai Baba Gajere ne ya zo har gida ya ce in kai ka. Ya ce kana zaginsa jini na zuba daga yatsanka, ba ka ma sani ba."

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kwana uku yana zagayawa ta bayan layi don kada su haɗu. A na huɗu ya naɗe asaken a tsumma, ya je ya durƙusa gaban dutsen washi. Ya miƙa ƙunshin.

Gajere ya ture ƙunshin gefe.

"Ajiye su tukuna. Kawo yatsan in gani."