Bakin Tagar Pan Wiesław

Kwamitin kulob ɗin unguwarmu a birnin Łódź ya ƙwace wa Pan Wiesław, wato Malam Wiesław, teburin wasansa, wai don ya kashe jarumin dalma.

Tun yana direban jirgin ƙasa na cikin gari yake jan ragamar wani wasan labari a kan tebur duk Asabar. Shi ke ba da labarin kogon matattun sarakuna, 'yan wasa kowa da jaruminsa, ɗan mutum-mutumi na dalma, a jefa ɗan lido a ga mai tsira. A tsohuwar doka, taku ɗaya na ganganci ya isa ajali. Wanda jaruminsa ya mutu, sai a ɗora mutum-mutumin a bakin taga, wani mako ya kawo pierogi, ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, a ci na ta'aziyya. Tagar ta cika maƙil, ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Da sabbin jini suka shiga kwamiti, suka ce sabuwar doka ko a rufe tebur. Wiesław ya haɗiye fushi, ya ƙare lokacin sanyi yana gyara tsohon kogon. A sabuwar doka jarumi ya sha sara, ya ɗan kishingiɗa, ya miƙe garau. Ya bar musu. Ɓoyayyen ramin da ke ƙofar kabarin sarakunan ne kaɗai ya ƙi taɓawa, don a wurinsa kogon da ba ya kisa ɗakin ajiyar dankali ne.

Ranar da abin ya faru, sai da ya gaya wa Kacper, ɗan shugabar kwamiti, cewa ƙasar ƙofar kabarin tana amsa-kuwwa, ya fara dungura ta da sanda.

"Pan Wiesław, sanda ai ta masu ciwon gwiwa ce irinka. Ni tsalle zan yi."

Ya yi, jaruminsa ya faɗa ramin. Wiesław ya ɗauki mutum-mutumin ya kai taga.

"Pierogi mai kabeji nake so, ɗana, ban da cuku."

Kacper ya ruga wurin uwarsa, wai sabon littafin doka bai yarda da mutuwar farat ɗaya ba, ga wahalar da ya sha wajen yi wa jaruminsa fenti. Aka yi taro, ko kiran dattijon ba a yi ba. Yanzu duk Asabar ta waje yake wucewa, yana hango tagarsa: an kwashe matattunsa an zuba a kwalin takalmi, an dasa tukunyar fure.

To, ku 'yan kwamiti, ku ji da kyau. Ku mayar masa da teburinsa Asabar ɗin nan, ku mayar da matattu bakin tagarsu. Kacper kuma ya kawo pierogi, mai kabeji.